Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Alhaji Shugaban Mazauna: Kuna da Lasisi, Me Ya Kawo Takardar Gargaɗi?

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, iyali da jama'ar unguwa duk lafiya.

A taron shugabannin rukunin gidaje da aka yi kwanan baya a nan Abuja, ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ka amsar da ta dace. Abin da ka ce shi ne: rukuninku na gida 200 yana da tasa 'yar matatar ruwan ƙazanta, kun biya kuɗin takardu, shaida tana rataye a ofis, ruwan da ke fita fes kamar na famfo, amma jami'an muhalli sun zo sun ɗebi ruwa a kwalba, bayan mako biyu sai ga takardar gargaɗi. Ka ce, "To laifin me muka yi, kuma me za mu yi kafin su dawo?" Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, kuma rukunin gidaje da yawa a Lugbe da Lokogoma da makamantansu ba su haɗe da babban bututun birni ba, kowa da irin matatarsa, na ga ya fi in amsa a fili.

Takardar da ke bango alkawari ce, ranka ya daɗe. Ranar da kuka karɓe ta kun yarda cewa ruwan da zai bar katangarku ba zai wuce wasu lambobi ba, za ku riƙa aunawa, za ku riƙa rubutawa, za ku riƙa kai rahoto. Jami'i in ya zo, bakin bututun ƙarshe yake nufa, inda ruwanku ke faɗawa rafi ko lambatu, daga nan ya nemi littafin aiki. Idan waɗannan biyun ba su dace da sharuɗɗan da ke jikin takardar ba, ita kanta takardar ce za ta zama hujja a kanku.

Jama'a sukan haɗa takardu uku su kira su "lasisi". Akwai shaidar nazarin tasirin aiki ga muhalli, wato EIA, da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke bayarwa a ƙarƙashin dokar 1992. Dokar ta ambaci gina matatar ruwan ƙazanta cikin ayyukan da dole a yi wa wannan nazari, haka ma rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Wannan ta kafin a sa harsashi ce, ba ta cewa komai game da ruwan da kuka saki jiya. Sai izinin zubar da ruwa da sa ido na yau da kullum, wanda a matakin tarayya yake hannun NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, a birnin nan kuma hannun AEPB, hukumar kare muhalli ta Abuja, mai dokar 1997. Na uku shi ne binciken muhalli da ake sa ƙwararre ya yi duk shekara uku a miƙa rahotonsa. Ka sa a sauko da duk abin da ke bango a karanta shi layi-layi: ranar ƙarewa, yawan ruwan da aka yarda ku saki a rana, wurin saki, abubuwan da za a auna, da sau nawa. Sau da yawa sunan wanda ya gina gidajen ne a jiki, ya sayar ya kama gabansa, babu wanda ya mayar da takardar sunan ƙungiyar mazauna, wa'adinta ma ya wuce. In haka naku yake, an same ku da laifi tun ba a buɗe kwalba ba.

Lambobin da aka daɗe ana aiki da su sun fito ne daga ƙa'idar 1991 ta tsohuwar hukumar FEPA, wadda aka kafa a 1988 bayan an gano gubar da aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, daga Italiya. A wannan ƙa'ida, ruwan da za a sakar wa rafi pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, ya tsaya tsakanin 6 da 9, ɓurɓushin da ke yawo a cikinsa, wato TSS, kada ya wuce miligiram 30 a lita, maiƙo kada ya wuce 10, zafinsa kuma ƙasa da digiri 40. NESREA ta fito da wasu ƙa'idojin a 2009 da 2011, saboda haka lambar da ke cikin takardarku ita ce ta ɗaure ku, ba wadda wani ya faɗa a taro ba, ko da ni ne. Don lissafin da ke tafe, mu ƙaddara cewa takardarku ta ce BOD, wato ma'aunin ƙazantar da ƙananan halittu ke iya ci, kada ya wuce miligiram 30 a lita.

Sai maganar "fes kamar na famfo". Mu da muka tashi da karatun fikihu mun saba auna ruwa da launi da ɗanɗano da ƙamshi, kuma wannan ma'auni yana da muhallinsa a babin tsarki. Hukuma wani abu take tambaya: me wannan ruwan zai yi wa rafin da ya shiga? Ka zuba sukari cokali uku a kofin ruwa, launinsa ba zai sauya ba. Haka ƙazantar da ta narke take. Gwajin BOD shi ne a rufe ruwan a kwalba, a ajiye a duhu a digiri 20 har kwana biyar, a ga nawa ƙananan halittu suka cinye daga iskar oksijin da ke ciki. Abin da suka ci a kwalba shi za su ci a rafi, kifi ya rasa ta shaƙa. Amoniya, wadda asalinta fitsari ne, ba ta da launi ko kaɗan, tana kuma kashe kifi. Ƙwayoyin taifod da kwalara da ƙwan tsutsar ciki, ido bai taɓa kama su ba. Da rani kuwa, ƙananan rafukan da ke ratsa unguwanninmu kusan babu abin da ke gudu a cikinsu sai irin ruwan da ku da maƙwabtanku kuka saki, kuma shi masu lambu ke janyowa su ba latas da kabeji da alayyafo, su kawo kasuwa mu saya. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ta ce ruwan da za a ba kayan lambun da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwayoyin cutar bahaya 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kada ya wuce ɗaya a lita. Ruwan da ya ninka wannan sau ɗari yana iya fitowa garai-garai.

Bari mu yi lissafin rukuninku. Gida 200, a ce mutum shida-shida, mutum 1,200 ke nan. In kowa yana amfani da lita 150 a rana, kashi 80 cikin 100 yana komawa bututu, matatar tana karɓar lita 144,000 kullum. Kowane mutum yana fitar da ƙazanta mai nauyin BOD wajen giram 45 a rana, jimla kilo 54. Ka raba da yawan ruwan, za ka samu miligiram 375 a lita a ƙofar shiga. Kafin ya sauko 30 sai an cire kashi 92 cikin 100, kullum, har da ranar Sallah da gidaje ke cike da baƙi. In babu mitar auna ruwa, bokitin lita 20 da agogo sun isa a fara: a matsakaicin gudu, bokitin zai cika cikin daƙiƙa 12. Kuma ka tuna an zana matatar ne bisa yawan mutanen da mai gini ya ƙiyasta. In tun daga lokacin an ƙara ɗakunan haya a bayan gidaje, an buɗe makaranta da gidan abinci da wurin wankin mota, to kaya ya fi ƙarfin jaki, babu sinadarin da zai gyara sai an faɗaɗa tanki.

Wa ke cire kashi 92 ɗin nan? Ruwan nan mai launin shayi da madara da kake gani yana tafasa a tankin iska cike yake da halittu masu rai, su ke cinye ƙazantar. A gaskiya kiwo kuke yi, ko kun sani ko ba ku sani ba. Irin hanyar ce ake bi a babbar matatar Wupa da ke Idu, wadda aka zana don mutum kimanin 700,000. Girma ne kawai ya bambanta ku. Abincin garken yana zuwa da kansa daga gidaje. Abin da ku za ku ba shi iska ce. Ga nauyin rukuninku, yana bukatar wajen kilo 110 na oksijin a rana, kuma ƙananan injinan hura iska sukan tura kusan kilo ɗaya cikin ruwa a kowane yunit na wuta. Wato bulowa mai kilowat biyar, dare da rana. A janareta, inda litar dizal ke ba da wajen yunit uku, ranar da babu wuta sam za ta ci kusan lita 40.

A nan yawancin matatun rukunin gidaje ke faɗuwa, kuma ina kyautata zaton a nan taku ta faɗi. Ana kunna janareta daga magariba zuwa asuba don gidaje, da rana a kashe don tsimin mai, ko ma a tarar ba a taɓa haɗa matatar da layin janareta ba. Bulowa ta tsaya awa takwas ko goma. Cikin ɗan lokaci oksijin ya ƙare, lakar tankin, wato garken halittun nan, ta tashi daga launin ruwan ƙasa ta koma toka-toka, daga nan baƙa, wurin ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza. Da wuta ta dawo ruwan saman yana iya washewa, har a ce ai ya gyaru, amma halittun da ke cin amoniya masu jinkirin haihuwa ne, in suka mutu sai an yi makonni kafin su dawo. Shi ya sa za ka ga ruwa garai amma amoniya ta yi sama a takardar gwaji.

Ku sayi na'urar auna oksijin ta hannu. Abin da ake nema a tankin iska shi ne miligiram 1.5 zuwa 2 a lita, a auna da safe tsakanin shida da tara lokacin da kowa ke wanka da wanke-wanke, a sake aunawa da la'asar. A watan Maris da Afrilu a ƙara sa ido, domin ruwa a digiri 20 yana iya riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa bai fi 7.6 ba, ga shi zafi yana ƙara wa halittun ci. 'Yan'uwanmu na Jos tasu matsalar ta sha bamban: tudun ya haura mita 1,200, iskar ba ta da nauyin ta ƙasa, bulowar da aka auna don Legas ba za ta ba su abin da ke rubuce a jikinta ba, sanyin hunturu kuma yana sa masu cin amoniya kasala. Bulowa ta zama biyu, ana musanya su mako-mako. Matacin iskarta a kakkaɓe shi duk mako da hunturu, don ƙura tana toshe shi, injin ya yi ta zafi yana ƙara amma iska ba ta isa ƙasa. Ka tsaya ka dubi saman tankin da kanka: in ƙananan kumfa sun bazu ko'ina daidai, lafiya, in wuri ɗaya yana bulbula kamar tukunya wani wurin kuma ya yi tsit, robar da ke fesa iska a ƙasa ta yage a can, ta toshe a nan. A ƙarshe a ɗaura wa bulowar mitar ƙirga awa. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ba ta jin kunyar kowa. Mako yana da awa 168. In ta nuna 90, ba sai an kira taro ba.

Garke in yana ci yana haihuwa. Matatarku tana ƙara wajen kilo 30 na busasshiyar laka a rana, wanda a jiƙe ya kai kusan lita 4,000. Dole a riƙa rage ta, kaɗan-kaɗan, kullum. Gwajin da ke nuna ko ana yi daidai ba ya bukatar wuta: a ɗebo lita ɗaya daga tankin iska a zuba a doguwar kwalba mai zanen awo, a bar ta minti 30. In lakar ta kwanta wajen mililita 300 zuwa 400, ruwan sama ya washe, abin yana tafiya. Masu aikin sukan raba wannan lamba da nauyin lakar: in ɗakin gwaji ya ce giram 3.5 a lita, ta kuma kwanta a 350, sakamakon 100 ne, mai kyau. In nauyin bai sauya ba amma ta tsaya a 700, sakamakon 200 ne, duk abin da ya haura 150 kuwa alama ce lakar ta kumbura, wasu halittu masu kama da zare sun mamaye ta sun hana ta kwanciya. Ƙarancin iska da yawan maiƙo su ne kan gaba wajen jawo wannan.

Kuskure biyu ake yi, kowanne kishiyar ɗan'uwansa. Wasu ba sa rage laka sam, har ta cika tankin kwanciya, inda laka ke kwantawa ruwa ya tatu, ta riƙa tsallake baki tana bin ruwa, TSS ya faɗi gwaji, BOD ya bi shi, kumfa mai kauri ruwan ƙasa ta lulluɓe saman tanki. Wasu kuma da sun ji wari sai su kira motar zuƙe masai ta kwashe tankin iska tas, a wanke shi, a ce an yi tsafta. Wannan daidai yake da sayar da garke duka don an gaji da share turke. Washegari farar kumfa kamar ta sabulu za ta taso, ruwan ya yi dishi-dishi, sai an yi mako uku ko huɗu kafin laka ta sake kamawa, sai dai in an samo iri daga wata matata mai lafiya. In kuwa ka ga dunƙulen laka suna tasowa sama a tankin kwanciya da 'yan kumfa a jikinsu, famfon da ke mayar da laka tankin iska ne ya tsaya ko ya yi rauni. Ta daɗe a ƙasa, iskar naitirojin ta ɗago ta. A gyara famfon, kada a taɓa sinadari.

Lakar da aka cire ma tana cikin lasisi. Motar lita 10,000 ba ta ɗaukar fiye da ta kwana biyu da rabi, saboda haka gadon shanya ya fi sauƙi: tsakuwa a ƙasa, yashi a sama, a zuba lakar kaurin santimita 20 zuwa 30, ruwan da ya tsiyaye ya koma matata. Da rani mako ɗaya zuwa biyu ta bushe, da damina sai da rumfa. Busasshiyar tana nan da ƙwan tsutsa, kada a miƙa wa mai lambu sai ta shekara a jibge. In mota ce ta kwasa, a karɓi rasit mai nuna inda ta juye. Direban da ya juye a bayan gari don ya huta da nisa, kayanku ya juye.

Damina tana da nata. In ruwan da ke shiga matata ya ninka ranar da aka yi ruwan sama, to wani ya haɗa indararon rufinsa ko magudanar tsakar gidansa da bututun ƙazanta, ko murafun ramukan duba bututu sun fashe. Ambaliyar tana wanke lakar ta fita da ita, ku wayi gari babu garke. Gida-gida za a bi a cire waɗannan haɗe-haɗen. Ragar ƙofar shiga a kwashe ta safe da yamma, don famfas ɗin yara da ledar fiya wata da tsumma su ke naɗe famfo su ƙona shi. Gidan abinci ya sa tarkon maiƙo ya riƙa kwashewa duk mako. Baƙin man janareta kuwa ko lita ɗaya kada ya shiga. Idan pH ya fara gangarowa ƙasa da 6.5, cin amoniya ne ke jawo shi, don kowane giram ɗaya yana cinye wajen giram bakwai na ƙarfin da ruwa ke tare tsami da shi. Sai a riƙa ɗiga ruwan garin soda, wanda ɗan'uwan kanwa ne, a hankali ana aunawa.

Kulorin shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba ya rufe asirin matatar da ba ta aiki. In ruwan yana da ɓurɓushi, ƙwayoyin cuta a ciki suke ɓuya. Ga ruwan da ya tatu da kyau, miligiram 5 zuwa 10 a lita ya isa. A ce 8: da garin kulorin mai ƙarfin kashi 65, kuna bukatar wajen kilo 1.8 a rana, a jiƙa a riƙa ɗigawa bisa gudun ruwa. Ma'aikacin da ke juye bokiti guda da safe ya tafi, ya ƙona rafi na awa ɗaya ya bar sauran awa 23 babu komai. Ruwan ya zauna da kulorin minti 30 ko a lokacin da ya fi yawa, wato in gudun safe ya ninka matsakaici sau uku, tankin ya ɗauki lita 9,000. Ragowar kulorin a bakin fita ta tsaya wajen 0.5, kada ta kai 1. Kada a haɗa garin nan da ƙwayar kulorin ta wurin ninkaya a mazubi ɗaya, suna iya kamawa da wuta. Masu kashe ƙwayoyin cuta da fitilar UV maimakon kulorin su sani tana ci gaba da haske shuɗi bayan ƙarfinta ya tafi. A goge gilashinta duk mako, a sauya ta kusan duk shekara.

Yanzu ɗibar ruwan gwaji, inda ake cutar mutane da yawa kuma suke cutar kansu. A ɗiba a bakin fita na ƙarshe, daga tsakiyar gudun, ba tare da kankaro gansakukar bango ba. pH da zafi da oksijin da ragowar kulorin a wurin ake auna su cikin minti 15, in an kai su gari sun riga sun sauya. Kwalbar BOD ta shiga kula da ƙanƙara, ƙasa da digiri 6, ta isa ɗakin gwaji a ranar, iyakarta awa 48. Ta ƙwayoyin cuta daban ce, dafaffiya daga ɗakin gwaji da maganin kashe kulorin a ciki, ba a ɗauraye ta, kuma ta isa cikin awa shida. Ta maiƙo gilashi ce, don maiƙo yana manne wa roba. A rubuta rana da lokaci da wuri da sunan mai ɗiba a jikin kowace. Ɗiba ɗaya hoton minti ɗaya ce. Wanda ke son sanin gaskiyar matatarsa ya riƙa ɗibar kaɗan kowace awa har awa 24 yana tarawa a kula. Ranar da jami'ai suka zo, ku nemi a raba ruwan biyu a gabanku, su tafi da rabi, ku kai rabi ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi.

Ka ɗauko tsofaffin sakamakonku ka duba abu uku, Alhaji. In an kawo muku BOD kwana biyu bayan ɗiba, a tebur aka rubuta shi, domin gwajin kansa kwana biyar ne. In BOD ya fi COD, wato gwajin da ake ƙona ƙazanta da sinadari, shi ma haka, don COD yana ƙone har abin da halittu ba sa iya ci, kullum shi ne babba, a ɗanyen ruwan gida kusan ninki biyu. In kuma lambobin Janairu da na Agusta iri ɗaya ne har ɗigo, ka san babu matatar da rani da damina suke zama mata ɗaya. Jami'i mai ido yana gane waɗannan kafin ya zauna. Irin wannan takarda ta fi rashin takarda muni, don ta mayar da matsalar inji ta zama maganar ha'inci. Haka nan masu buɗe ruwan rijiyar burtsatse su sirka da shi ranar gwaji: kilon ƙazantar da ke shiga rafi bai ragu da giram ɗaya ba, kuma bokiti da agogo sun isa su tona su. Bututun ɓoye mai zagaye matata shi ne abu na farko da ake nema da damina. In akwai shi, a toshe da siminti.

Littafin aiki ya zama mai ɗinki, shafukansa da lamba, ana cika shi da biro kullum: awannin bulowa, lokutan ɗauke wuta, oksijin safe da yamma, gwajin minti 30, pH, ragowar kulorin, yawan lakar da aka cire, da abin da ya lalace da ranar da aka gyara. A rubuta ranar da abu ya ɓaci kamar yadda ake rubuta ranar da ya yi kyau. Wata ƙa'idar FEPA ta 1991 ta ce in an yi zubar da ba a saba ba ko ta hatsari, a sanar da hukuma cikin awa 24. Wanda ya kai kansa da bayanin abin da ya faru da matakin da ya ɗauka, ba a yi masa kallon wanda maƙwabta suka kai ƙara.

Game da takardar da ke hannunku, kada ku bar wa'adinta ya cika ba ku amsa ba, kuma kada wani ya ba ku shawarar a "ga" jami'i. A amsa a rubuce, a karɓi abin da gwaji ya nuna, a haɗa da jadawalin gyara mai ranaku, a karɓo kwafi mai hatimin karɓa. Makon farko na wuta ne da iska: a haɗa matatar da janareta, a gyara bulowa da famfon mayar da laka, a fara littafi. Daga nan a daidaita rage laka ana bin gwajin minti 30. Kada ku yi gaggawar kiran gwaji; ba a fafe gora ranar tafiya, laka tana bukatar mako uku zuwa huɗu tana samun iska ba yankewa kafin lambobi su sauko, amoniya ma takan fi haka jinkiri. In wa'adin da aka ba ku bai kai haka ba, ku nemi ƙari a cikin wasiƙar, ku faɗi dalilin.

Abu ɗaya ba na so a yi wasa da shi a cikin wannan gyara. Kada a tura kowa cikin tanki ko ramin bututu don an kashe inji an ga kamar babu komai. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasa take taruwa, kuma in ta yi yawa hanci yana daina jin ta, mutum ya ɗauka ta tafi. Sai an hura iska, an auna da na'ura, an ɗaura wa mai shiga igiya, mutum biyu suna sama. In wani ya faɗi a ciki, kada na biyu ya bi shi ba tare da kayan kariya ba. A irin wannan hatsari masu ceto sukan zama gawa ta biyu da ta uku.

Duk wannan kuɗi ne, kuma na san kai za ka tsaya gaban mazauna ka faɗa. Abin da ke ba ni haushi shi ne rukunin da ke sake fentin ƙofa duk shekara, yana biyan mai ban ruwan furanni, amma matatar an bar wa maigadi ya riƙa "leƙawa". A fitar wa matatar layinta a kuɗin hidima na wata: dizal, kulorin, albashin ma'aikaci ɗaya da aka koya wa aikin da mai canjinsa, kuɗin gwaji, kuɗin kwashe laka, da ɗan ajiya don bel da mataci da famfo. A raba wa gida 200: ko a ranar da babu wuta sam, lita 40 ɗin nan ta tashi lita ɗaya ga kowane gida biyar. Ka kai musu wannan lissafin tare da karatun mitar awa na mako biyu da takardar gargaɗin a taron wata mai zuwa.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Injiniyan ruwa da tsaftar muhalli, Abuja